Tantance Makullin API

Makullin API wata lambar sirri ce da manhaja ke gabatarwa kafin wata kwamfuta ta ba ta bayanai. Otal-otal da ofisoshin tikitin jirgi na Al Muraqqabat, a Deira ta Dubai, sukan dogara da irinsa wajen karɓar kuɗi ta intanet.

Ana gwada shi ne da ƙaramar buƙata wadda ba ta taɓa kuɗi. Amsar 200 na nufin makullin yana aiki, 401 ba a karɓe shi ba, 403 kuwa ba shi da izinin wannan aikin.

UAE Pass, wanda aka ƙaddamar a 2018, yana bin tsarin OAuth 2.0, kuma makullin gwajinsa daban yake da na aiki. Idan makulli ya fallasa, a soke shi nan take.