Carbin katako

Carbi, ko tasbaha, jerin ƙananan ƙwayoyi ne da ake shiryawa a zare don ƙirga zikiri. Cikakken carbi ƙwaya 99 ne, a kashi uku na 33, da doguwar ƙwaya a mahaɗar zaren. 'Yan Tijjaniyya da shi suke ƙirga lazimin safe da yamma: istigfari 100, salati 100, hailala 100. Ana sayar da shi a ƙofar masallatan Juma'a daga Kaduna har Kano, alhazai kuma kan kawo shi tsaraba. Na katako ya fi daraja a wurin dattawa, domin yawan ja yana sa shi santsi da sheƙi.

Kiristocin Turai ma sun sassaƙa irin nasu. Tsakanin 1500 da 1530, masassaƙa a yankin Holan da Beljiyam na yau sun riƙa yin ƙwayar addu'a da ba ta wuce girman lemun tsami ba, wadda ake buɗewa gida biyu a ga labarin Almasihu a sassaƙe ciki, aiki mai ban mamaki ƙwarai. Kimanin 150 na irin waɗannan ƙananan sassaƙe-sassaƙe suka rage.

A kasuwannin Arewa yau carbin roba ya fi na katako yawa.