Tsabtar Gari da Ƙaramar Hukuma a Kaduna: Waiwaye Daga Unguwar Sarki

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin wata tambaya da kan taso a Unguwar Sarki kowace shekara idan damina ta kankama, kwata ta cushe, ruwa ya shiga zaure: shin gyaran nan aikin wane ne? Ga alama tambayar ƙarama ce, amma amsarta tana ƙunshe cikin yadda aka kafa Kaduna tun asali, da yadda aka yi ta miƙa ragamar garin daga wannan hannu zuwa wancan.

Kamar yadda mahalarta suka sani, Kaduna ba irin Zariya ko Kano ba ce, waɗanda suka taso da fada da ganuwa da sarautun unguwanni. Gari ne na gwamnati. Gwamna Lugga ya zaɓi wurin saboda ruwan kogi da hanyar jirgin ƙasa, aka kai sojoji a 1913, sa'an nan hedkwatar Arewa ta taso daga Zungeru a 1917. A wannan shekara aka yi Dokar Garuruwa, wadda ta sa Legas a aji na ɗaya, Kaduna kuwa a aji na biyu, wato a hannun Bature jami'in gwamnati maimakon sarki.

Tsarin kiwon lafiyar da aka ɗora garin a kai ya samo tushe daga binciken Ronald Ross, wanda ya tabbatar a 1897 cewa sauro ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Abin da likitocin mulkin mallaka suka fahimta daga wannan shi ne a nisanta Bature daga 'yan ƙasa, musamman yaransu, waɗanda aka ɗauka su ne matattarar cutar. Saboda haka aka ƙayyade fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, ba a yarda kowa ya yi gini a ciki ba. Lugga ya ƙara da cewa filin zai tare gobara, ya kuma rage wa Turawa ƙarar ganga. A garuruwa da dama irin wannan fili ne ya koma wurin sukuwa ko wasan golf. Abin lura a nan shi ne, manufar farko ita ce kāre ma'aikacin gwamnati daga jama'a. Lafiyar jama'ar kanta ta biyo baya ne.

Wakilin wannan tsari da talaka ya sani ido da ido shi ne duba-gari. Makarantar Tsabta ta Kano, wadda aka buɗe a 1932, ita ta horar da yawancinsu a Arewa. Yakan shigo gida cikin kaki, ya leƙa randa ko da tsutsar sauro, ya duba masai da makwararar ruwa da bayan katanga, in ya ga abin da bai gamshe shi ba sai sammaci da tara. Shigar baƙon namiji gidan kulle ba ƙaramin al'amari ba ne a lokacin, ga kuma zargin cin hanci da bai taɓa rabuwa da aikin ba. Duk da haka dattawa da yawa suna begen zamaninsa, suna cewa a lokacin gari na da mai shi. Ni dai ina ganin begen nan yana da gyara. Duba-gari ya iya hukunta mai gida a kan ruwan da ya kwana, amma kawo famfo ko gina kwata ba ya cikin ikonsa. Hukuma ta fara zuwa wa talakan Kaduna da tara tun kafin ta zo masa da hidima.

Sa'an nan garin kansa a rabe yake. Cikin bariki yana hannun Bature, ƙauyukan da suka taso a gefe kuwa suna ƙarƙashin En'e ta Zazzau, wadda fadarta ke can Zariya. Sai a 1956 aka yanke Kaduna daga Lardin Zazzau aka mai da ita Yankin Babban Birni mai hukumarsa. Daga nan jama'a ta yi ta kwararowa: masaƙar farko ta buɗe a Kakuri a 1957, aka gina Masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki a 1962, ma'aikata da 'yan kasuwa da masu haya suka cika unguwannin da ba a shata musu titi ko magudana ba. Har yau wanda ya baro faffadan filaye na Titin Sultan ya kutsa lungunan unguwar zai ga bambancin da ƙafarsa. Gwamnatin Arewa ta ɗauko Max Lock ya tsara yadda garin zai bunƙasa har zuwa 2017, aka buga rahotonsa a 1967. A cikin wannan shekarar aka rushe Jihar Arewa aka yi jihohi, tsarin ya wayi gari babu gwamnatin da ta yi odarsa.

Gyaran 1976 ya kawar da En'e, ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa baki ɗaya. Manufar kiwon lafiya ta 1988, zamanin Minista Olikoye Ransome-Kuti, ta ɗora musu kiwon lafiya matakin farko: awon ciki, rigakafin yara, ƙananan asibitoci. Tsarin Mulkin 1999 kuma ya jero musu kasuwa da tasha da mayanka da maƙabarta da kwasar shara da rajistar haihuwa da mutuwa. A takarda, ashe ke nan, tambayarmu tana da amsa: Unguwar Sarki mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, mai sakatariya a Magajin Gari. Amma kuɗin da za a yi aikin ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma a babban birni jiha tana da hukumominta na tsara gine-gine da kula da muhalli da ruwan famfo. A 2021 ma gwamnatin jiha ta sake kafa wata hukuma mai sunan Yankin Babban Birnin Kaduna, kamar dai an koma 1956. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

Giɓin da wannan canje-canjen hannu ya bari, jama'a ce ta cike shi gwargwadon hali. Mai unguwa ya yi shela, a yi karo-karo a ƙofar masallaci, samari su fito gayya da shebur da manjagara. Inda famfo ya ƙafe ɗan garuwa ya shigo da kurarsa, yaro mai baro ya kwashe shara a biya shi, mai kemis ya zama likitan dare. Wannan abin yabo ne, sai dai bai kamata mu malamai mu mai da shi abin alfahari har mu manta da iyakarsa ba. Tun da amai da gudawa ya shigo Nijeriya a ƙarshen 1970 aka san cewa rijiyar da ke maƙwabtaka da masai ba ta gyaruwa da gayya, sai da awo da magani da injiniya. Haka nan samari za su iya yashe kwata tun daga asuba har hantsi, su tara dattin a bakin hanya, amma tifar da za ta ɗauke shi ba tasu ba ce. In ba ta zo ba, ruwan da ya biyo baya sai ya mai da shi inda aka ciro shi.