Daga akwati mai girman firji zuwa wifi

Yaranmu sun tashi sun tarar da rezo, shi ya sa da yawansu ke ɗaukarsa kamar iska. Alhali kuwa ƙarfe ne da waya, kuma kowane kaya a cikinsa matsala ce ta haife shi.

A 1969 aka girka wani akwati mai girman firji a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelas, a Amurka. Aikinsa ya yanka saƙo gunduwa-gunduwa ya tura ta layin tarho. Ranar 29 ga Oktoba aka aika saƙon farko zuwa cibiyar bincike ta Stanford, amma haruffa 2 kaɗai suka isa, sai na'urar can ta tsaya. Wannan akwati shi ne kakan na'urar raba hanya da ke ofisoshinmu yau.

Saura haɗa kwamfutocin gini guda. A 1973 Robert Metcalfe, ma'aikacin kamfanin Xerox, ya fito da tsarin Ethernet: waya ɗaya, kowace kwamfuta ta jingina da ita ta hanyar katin da ke cikinta. Idan biyu suka yi magana tare, saƙonnin su yi karo, kowace ta dakata ta sake. Da kwamfutoci suka yawaita, karo ya yi yawa. Wajen 1990 aka koma ba kowace kwamfuta wayarta, duka su haɗu a akwatin tsakiya da ke miƙa saƙo ga mai shi. Ƙa'idar wifi ta biyo baya a 1997, amma akwatinsa ma galibi waya ke ciyar da shi.

Mu a Nijar mun ɗanɗana wannan. Ba mu da teku, don haka intanet ɗinmu sai ya ratso ƙasar maƙwabta. A Yulin 2009, da wayar ƙarƙashin teku ta SAT-3 mai sauka Kwatano ta lalace, Benin da Togo da Nijar da Najeriya duka sun shiga wahalar rezo.

Ƴan'uwa malamai da iyaye, idan lakkwal tana da ɗakin kwamfuta, a bar yara su bi waya da hannu tun daga kati har akwati, su ga fitilun da ke ƙyaftawa. Yaron da ya san inda saƙo ke bi, ranar da rezo ya ɗauke zai fara duba waya kafin a kira mai gyara daga Yamai.