Daga Bakin Zarto Zuwa Iridiyam: Tarihin Fulogi a Garejojin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni



Duk wanda ya bi titin Zariya daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Unguwa Uku, ko ya shiga Court Road, ko ya zagaya ta titin Maiduguri wajen Tarauni, ya san yankin nan na kanikawa ne. Yau za mu ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan kayan da suke taɓawa kullum, wato fulogi, mu bi tarihinsa. Abin da ya jawo maganar shi ne motoci masu gudu da matasanmu suka shiga saye a 'yan shekarun nan, irin su Mercedes mai tambarin AMG, da BMW, da Dodge Charger. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, muna ganin irinsu a gareji an sauke kan injin, kuma idan aka bi diddigi sai a tarar an ɗaura musu fulogi da ilimin da aka koya a kan Peugeot 504. Ilimin nan daidai yake a zamaninsa. Injin ne ya canza har sau uku, hannunmu bai canza tare da shi ba.

Aikin fulogi guda ɗaya ne, kunna wuta a cikin silinda. Fistin zai matse iska da fetur, koyil ya turo lantarki mai ƙarfin volt 10,000 zuwa 30,000, lantarkin ya tsallaka 'yar tazarar da ke tsakanin tsinken tsakiya da lanƙwasasshen ƙarfen gefe, tartsatsi ya tashi, man ya kama. Injin motar da ke juyi 6,000 a minti ɗaya, kowane fulogi nasa yana yin tartsatsi sau 50 a daƙiƙa guda. To wannan tazara, wadda yawanci ba ta wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba, ita ce tushen labarinmu.

Asalinsa daga Turai ne. A 1860 Étienne Lenoir ya ƙera injin a Faransa mai kunna gas da tartsatsin lantarki. Amma sai a 1902 abin ya zauna da gindinsa, lokacin da Gottlob Honold, injiniya a kamfanin Robert Bosch na Jamus, ya haɗa fulogi da na'urar da ke ba shi lantarki mai ƙarfi ba tare da batir ba. Daga nan sai Albert Champion, Bafaranshe ɗan tseren keke da ya koma Amurka. Ya fara sana'ar fulogi da wasu abokan kasuwanci, suka ɓata, sunan Champion ya zauna a hannunsu, shi kuma ya buɗe wani kamfanin a garin Flint a 1908, wanda daga baya ya ɗauki haruffan farko na sunansa, AC. NGK ta Japan, wadda yau ta cika shagunanmu, an kafa ta a Nagoya a 1936.

Tun da wuri Kano ta ga injin mai fulogi na gani na faɗa. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila, samfurin DH.9A, suka sauka a garin nan bayan sun taso daga Masar, kuma su ne jirage na farko da suka sauka a Najeriya. Injinsu mai suna Liberty yana da silinda 12, kowace silinda da fulogi biyu, wato 24 ke nan a jirgi ɗaya, domin idan guda ya gaza a sama ɗan uwansa ya ci gaba. Ku riƙe wannan lissafi, za mu sake haɗuwa da shi a ƙasa.

Zamanin farko da ya horar da garejojinmu shi ne na 504. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, shekarar da Volkswagen ta fara fitar da Beetle a Legas, kuma a daidai lokacin ne kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata. Gari ya faɗaɗa ya wuce ganuwa, ya cim ma Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, kanikawa suka biyo motoci. Motocin wancan lokaci masu kafireto ne, da koyil guda ɗaya, da kwantak mai buɗewa da rufewa a cikin distributa. Wutarsu ba ta da ƙarfi sosai, don haka tazarar fulogi ƙarama ake sa musu. Ta 504 milimita 0.6 ce, ta kwantak ɗinta kuwa 0.4.

A nan ne dabarar bakin zarto ta samo asali. Zarton yankan ƙarfe da muka sani kaurinsa kusan milimita 0.6 ne. Bakanike zai karyi guntu, ya zura tsakanin ƙarafunan fulogi, ya ɗan buga na gefen a jikin sifana har ya kama zarton, shi ke nan ya gama. Ba camfi ba ne, ma'auni ne da ya zo daidai da abin da kamfani ya rubuta. Iyayen gidanmu da suka koyar da haka sun san abin da suke yi.

Haka nan al'adar wanke fulogi da goge shi da samfefa. Fetur ɗin wancan zamani akwai sinadarin dalma a cikinsa, wanda aka fara zubawa a Amurka tun 1923 don hana injin ƙwanƙwasa. Dalmar tana taruwa a bakin fulogi, kafireto kuma sau da yawa yana ba da mai fiye da kima, sai baƙi ya rufe shi. Tsinken fulogin lokacin na nikel ne, mai kauri fiye da milimita 2, yana jure goga da bugu. Ko ba a goge shi ba, bayan kilomita 20,000 zuwa 30,000 ya cinye. Babura masu haɗa fetur da baƙin mai, irin Vespa da Jincheng na zamanin acaɓa, da ƙaramin janareta Tiger, sun ƙara kafa wannan ɗabi'a, domin su kam kullum bakin fulogi a jiƙe yake. Har aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, da wuya ka ga ɗan acaɓa ba shi da sifanar fulogi a ƙarƙashin kujera.

Zamani na biyu ya zo da tsarin SAP na 1986. Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai motocin Kwatano suka cika gari: Golf, Honda Hala, Henesi, Camry da sauransu. Sannu a hankali injekta ta kori kafireto, kwantak ya ɓace, ƙwaƙwalwar mota ta karɓi aikin lissafin wuta. Koyil ya yi ƙarfi, sai kamfanoni suka buɗe tazara zuwa milimita 1.0 ko 1.1, domin dogon tartsatsi ya fi kunna cakuɗen da mai ya yi ƙaranci a cikinsa. Duk Hondar da aka daidaita wa fulogi da bakin zarto an rage mata kusan rabin tazararta. Sakamakon shi ne rawar injin a sulo, da fizga, da shan mai, sannan a ɗora laifin a kan injekta.

A wannan zamani ne lambar da ke jikin fulogi ta zama abin karantawa. Ɗauki NGK BKR6E-11. B na nufin faɗin zarensa milimita 14, K na nufin sifana mai lamba 16 ce ke kwance shi, R na nufin akwai abin da ke danne hayaniyar lantarki don kada ta dami rediyo da ƙwaƙwalwar mota, E na nufin tsawon zare milimita 19, 11 kuma ita ce tazara, milimita 1.1. Saura lamba 6, wadda ta fi duka muhimmanci ga mai mota mai gudu, domin ita ke nuna zafin fulogi.

Zafi a nan ba ƙarfin tartsatsi ake nufi ba. Ana nufin saurin da fulogi yake miƙa zafin bakinsa ga kan injin. Bakin yana buƙatar ya kai kusan digiri 450 kafin ya ƙone dattin da ke kansa, amma idan ya haura 800 sai ya zama garwashi, ya kunna mai tun kafin lokacin tartsatsi ya yi. Fulogi mai zafi yana da dogon hancin tangaran, yana riƙe zafi, ya dace da ƙaramin injin mai yawo cikin gari. Mai sanyi gajeren hanci gare shi, yana sauke zafi da wuri, shi ne na injin da ake taka wa totur. Inda ake ruɗewa shi ne kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan lamba ba. A wajen NGK da Denso, lamba na hawa fulogi na ƙara sanyi. A wajen Bosch da Champion kuwa, lamba na hawa yana ƙara zafi. NGK BP6ES da Bosch W7DC da Champion N9YC kusan abu ɗaya ne, ga 6, ga 7, ga 9. Wanda ya shiga Ƙofar Ruwa ya ce a ba shi mai lamba 7 bai faɗi kamfani ba, bai ce komai ba tukuna.

Zamani na uku shi ne wanda muke ciki. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun yi alƙawari a Dakar a 2001 cewa za su daina sayar da fetur mai dalma, kuma zuwa farkon 2006 an cika alƙawarin. Wannan ya buɗe hanya ga fulogi na filatinam da na iridiyam su yi tsawon ran da aka ƙera su don shi, har kilomita 100,000. Iridiyam ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,400, shi ya sa ake iya yin tsinkensa siriri kamar allura, milimita 0.6 a NGK, 0.4 a Denso. Siririn tsinke ba ya buƙatar lantarki mai yawa kafin ya yi tartsatsi. Amma abin da ya ba shi ƙarfi a cikin wuta bai ba shi juriyar hannu ba. Samfefa na cinye shi, bugu ɗaya na iya tsinke shi, ma'aunin da aka cusa da ƙarfi na iya lanƙwasa shi. Gyaran da yake raya fulogin 504 shi ne yake kashe wannan.

Yanzu mu zo kan motoci masu gudu. Injin mai turbo, ko wanda matsinsa yake da yawa, yana cusa iska mai nauyi a cikin silinda, kuma iskar da aka matse ta fi wuyar tsallakawa ga lantarki. Saboda haka tazara ta sake komawa ƙasa, yawanci milimita 0.7 zuwa 0.8, wanda aka ƙara wa ƙarfi kuma har 0.6, tare da fulogi mai sanyi. Idan tazara ta yi yawa, mota za ta yi lafiya a cikin gari, amma da an taka ta a titin Zariya sai ta fara misin, koyil ya yi ta wahala har ya ƙone, ɗanyen man da bai kama ba ya gangara salansa ya narkar da matatar hayaƙi. Idan kuwa fulogin ya cika zafi, abin ya fi muni, don yana iya huda fistin cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wannan ne kuma ya sa tsohon gwaji na jingina fulogi a jikin injin a ga tartsatsi bai isa shaida ba. Wanda ya yi wuta a sararin iska yana iya gazawa a ƙarƙashin matsi.

Ga kuma lissafin jirgin 1925 ya dawo. Injin Mercedes mai silinda 6 na C240 da E320 da ML320 fulogi 12 yake ɗauka, mai silinda 8 na zamaninsu 16, haka Hemi na Charger da Challenger 16 ne. Idan mai mota ya ji kuɗin iridiyam 16 na ainihi, sai zuciya ta karkata ga mai araha, ko a canza rabi a bar rabi. Jabu kuwa ya yi yawa a kasuwannin duniya, har kamfanonin da kansu suna gargaɗi a kai. Kwali iri ɗaya, amma tsinken ba iridiyam ba ne, zafin ma ba wanda aka rubuta ba ne. Araha ba ta ado, balle a injin da kuɗin gyaransa ya kai na wata motar.

Kuma tarihin bai tsaya ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, masu motoci da 'yan Adaidaita Sahu suke komawa gas na CNG. Gas ya fi fetur wuyar kunnawa, don haka masu ƙera fulogi suke rage tazara zuwa wajen milimita 0.7 ko 0.8 ga injin da aka mayar. Wanda ya sa tukunyar gas ya bar tsohon fulogi a kan 1.1, kada ya yi mamakin tari da harbin wuta.

Abin da tarihin nan ya bar mana ba shi da yawa. Lambar fulogi da tazararsa na injin ne, suna cikin littafin mota, wani lokaci a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet. A auna da ma'aunin tazara na gaskiya, ko da kwali ya ce an riga an daidaita. Idan gyara ya kama, ƙarfen gefe kawai ake lanƙwasawa, ba a taɓa tsinken tsakiya. A duba tsawon zare, domin dogo na iya dukan fistin. A bari injin ya huce, a fara ɗaurawa da hannu kafin sifana, don kan injin na yanzu na alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfi. Sannan a karanta tsohon da aka cire: ruwan ƙasa ko toka-toka lafiya ce, baƙi busasshe mai ya yi yawa, baƙi mai maiƙo ringi ko bawul na yoyo, fari mai ƙuraje kuwa zafi ya wuce kima, a tsaya a bincika kafin a sake taka mota.

Ga ogogin gareji da suka koya mana riƙe sifana, muna sara muku. Bakin zarton nan ya yi aikinsa, kuma har gobe idan 504 ta shigo shi ne daidai. Amma idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Yaran da ke ƙarƙashinku a koya musu karanta lamba kamar yadda aka koya musu jin ƙarar injin. Wanda ya yi aiki a zamanin kwantak kuma yana da abin da zai ƙara mana, bismillah, muna saurare.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.