Kada Da Masuntan Tafkin Nokoué

Unguwar Zango ta Kwatano tana tsakiyar birni, cikin hayaniyar motoci da babura. Baƙon da ya sauka can daga Kano ko Maraɗi ba zai yi zaton a fadama yake ba. Amma tafiya kaɗan arewa da unguwar akwai tafkin Nokoué, mai tsawon wajen kilomita 20 da fāɗin kilomita 11. Kogin Ouémé da kogin Sô suna zuba a cikinsa. A zamanin dā wannan ƙasa ta ruwa da ciyayi gidan kada ce, duk wanda ya ci abinci daga ruwan kuwa dole ya koyi zama da shi.

Mutanen da suka fi daɗewa a kan tafkin su ne Tofinu. Kakanninsu sun gudo ne daga mayaƙan Dahome masu kamun bayi, a wajen ƙarni na 17 zuwa na 18. Suka kafa turaku cikin ruwa, suka gina ɗakuna a kai, garin Ganvié ya tsaya. Labarinsu na gargajiya ya ce shugabansu Agbodogbé ya rikiɗa ya zama kada, ya haye da jama'arsa a bayansa zuwa wurin da maƙiyi ba zai kai ba. Mai bi ba zai ɗauki rikiɗar a matsayin gaskiya ba, amma labarin yana nuna abin da ke zuciyar mutanen. Dabbar da wasu suke gudu, su sun gan ta a matsayin katanga tsakaninsu da bauta.

Hausawa sun zo daga baya, ta hanyar fatauci. Ayarin goro da ke zuwa Gwanja yakan bi ta ƙasar Bargu, ya yada zango a Nikki da Parakou da Djougou. Da Faransawa suka ci Dahome a 1894, ciniki ya karkata zuwa bakin teku, jirgin ƙasa kuma ya haɗa Kwatano da Parakou a 1936. Fatake da mahauta da dukawa suka gangaro kudu, unguwar baƙi ta zama Zango. Ba su zo da jahilcin kada ba. Sunan Kaduna kansa daga kada aka samo shi. A Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934, Sarkin Ruwa ne ke da alhakin tabbatar da cewa kada ba zai taɓa masunta ba kafin a faɗa ruwan Matan Fada. Sarkawan Kabi da Yawuri ma sun gāji irin wannan sani. Amma ruwan kudu dabam yake da gulbin arewa, gama ga duhun kurmi, ga laka mai zurfi, ga ambaliya wadda takan rufe kwarin Ouémé a watannin Satumba da Oktoba. Matambayi ba ya ɓata, saboda haka baƙo mai hankali yakan bi bayan ɗan gari.

Kada iri uku ne a ƙasar Benin. Akwai babban, wanda aka daɗe ana ɗauka ɗaya ne da na kogin Nilu, sai a 2011 binciken masana ya nuna jinsi ne dabam na Afirka ta Yamma. Yakan kai mita 2 zuwa 3, bai kuwa kai na Nilu faɗa ba. Akwai ƙaramin kada baƙi na kurmi, wanda da wuya ya kai mita 2. Na ukun mai siririn baki ne, kifi ne yawan abincinsa, tun 2014 kuma aka sa shi cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Irin da ake kira aligeto a fadamun kudancin Amurka ɗan'uwansu ne na nesa, ba a samunsa a Afirka.

Haɗuwar masunci da kada ba ta cika zuwa da rana tsaka ba. Yawanci da asuba ne ko da dare, lokacin duba taru da mamari. Kada yakan kwanta shiru, idanu da hanci kaɗai ke waje, sai a ɗauka gungume ne. In aka haska fitila, idanunsa sukan yi ja kamar garwashi, ta haka masunta suke gane shi tun daga nesa. Abin da ke jawo shi shi ne kifin da ke mutsu-mutsu cikin taru. Yakan yaga tarun ya kwashe karfasa da tarwaɗa, aikin makonni ya lalace a dare ɗaya. Wani lokaci shi ma yakan sarƙe, da yake kuma iska yake shaƙa, sai a tarar da shi ya mutu a ƙarƙashin ruwa. Hatsari mafi girma yana wajen macen da ke gadin ƙwai a bakin gaɓa. Don haka masunta suke koya wa 'ya'yansu kada su sa hannu ko ƙafa cikin ruwa daga kwalekwale, kada su gyara kifi kullum a wuri ɗaya, kada kuma su kusanci inda aka ji kukan 'ya'yan kada.

Mashi bai kori kada daga tafkin ba kamar yadda sākewar ruwan ta kore shi. A ƙarni na 19 Faransawa suka haƙa mashigi ya haɗa tafkin da teku. Aikin tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wadda aka buɗe a 1965, ya sa bakin mashigin ya riƙa zama a buɗe, ruwan gishiri ya yi ta kwararowa da rani. Tsutsar teku mai cin itace ta shiga rassan da masunta suke kafawa cikin ruwa domin tara kifi, abin da suke kira akaja. Birni ya yi ta cin fadama, ana cike ta da ƙasa ana gini. Ga kuma kasuwar fata da ta magani, inda fatar kada da kansa da haƙoransa suke da kuɗi. Benin ta shiga yarjejeniyar CITES mai tsare cinikin namun jeji a 1984, a shekara ta 2000 kuma aka sa tafkin da kwarin Ouémé cikin fadamun da yarjejeniyar Ramsar take karewa. Kafin nan kada ya riga ya ja da baya zuwa lungunan kogi da kurmin fadama irin na Lokoli da na Zinvié.

Sura ta 41 ta Littafin Ayuba ta yi maganar wata babbar dabbar ruwa wadda ƙugiya ba ta kama ta, masana da yawa kuwa suna ganin siffar kada ce. Ubangiji ya nuna wa Ayuba ita domin ya san iyakar ƙarfinsa. Yau ɗan adam ya fi ƙarfin kada, amma ruwan da ya ƙi kada shi ne kuma yake rage wa masunci kifi. Littafin Farawa ya ce an sa mutum cikin gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Masu bi da ke zaune a Zango, waɗanda suke sayen kifin tafkin kowace rana, suna cikin waɗanda aka danƙa wa wannan amana.