Tarihin Haɗa Katin Gaisuwa da Hannu

Katin gaisuwa ƴar takarda ce mai ado da ake aika wa ƴan'uwa da abokai lokacin biki ko wani abin farin ciki. Tun ƙarni na 15 Jamusawa ke sassaƙa hoto a jikin katako, su shafa masa tawada, su danna a takarda don gaisuwar sabuwar shekara. Sassaƙa ɗaya ce ke fitar da hotuna da yawa, kuma wannan dabarar ce tushen sana'ar har yau.

Kasuwar katin ba ta buɗe sosai ba sai da aika wasiƙa ya yi araha a Ingila a 1840. A 1843 Henry Cole ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa katin Kirsimeti. Aka buga kwafi 1,000, aka bi kowanne aka sa masa launi da hannu, aka sayar sule guda-guda. Zanen ya nuna iyali suna shan giya, har da yaro, abin da ya jawo suka daga masu yaƙi da shaye-shaye.

Amma wadda ta fi cancantar a tuna a wannan fage ita ce Esther Howland, ta garin Worcester a jihar Massachusetts ta Amurka. Mahaifinta mai kantin littattafai da kayan rubutu ne. A ƙarshen shekarun 1840 ta fara haɗa katunan masoya da takarda mai huji-huji kamar leshi da ƴan hotunan furanni da ake shigo da su daga Turai. Da masu saye suka yi mata yawa, sai ta tara mata ƙawayenta a gidansu ta raba musu aiki: wannan tana yanka hotuna, waccan tana shimfiɗa takardar ƙasa, wata kuma liƙi kawai take yi, kati yana wucewa daga hannu zuwa hannu. Hikimar a bayyane take. Hannun da ya zauna a kan aiki ɗaya ya fi sauri, ya kuma fi daidaito, tunda ba sai an ɗauki almakashi an ajiye an ɗauki gam ba. Masu haɗa kati a gida a yau haka suke yi ko da mutum shi kaɗai ne: ya buga hotunan duka, ya bari tawada ta bushe, sannan ya yanka su gaba ɗaya.

Kayan aikin daga wasu sana'o'i aka aro su. Hatimin roba ya samu ne bayan Charles Goodyear ya yi rajistar hanyar ƙarfafa roba a 1844, kuma a ofisoshi ya fara aiki kafin masu ado su karɓe shi. Ƙarfen yanka mai fitar da siffa guda kuwa masu yin takalma ne suka fara amfani da shi wajen yanka fata.

Daga baya manyan kamfanoni irin su Hallmark, wanda Joyce Hall ya kafa a 1910, suka mamaye kasuwa, aikin hannu ya koma sha'awa. Ya sake farfaɗowa a Amurka da kafuwar kamfanin Stampin' Up! a 1988, sannan na'urorin yanka na gida irin su Sizzix da Cricut suka fito a shekarun 2000. Cricut daga kwamfuta ko waya take karɓar siffar da za ta yanka.