Medialuna: Burodin karin kumallo na ƙasar Ajantina

Medialuna wani ɗan ƙaramin burodi ne mai siffar jinjirin wata, wanda mutanen ƙasar Ajantina ke karya kumallo da shi, su kuma sake ci da la'asar tare da kofi mai madara ko kuma shayinsu na gargajiya da ake kira mate. Ma'anar sunan a harshen Sifaniyanci ita ce rabin wata.

A ido ya yi kama da croissant na Faransa, amma ya fi shi ƙanƙanta da zaƙi da laushi, saboda ƙwai da madara da ake zubawa a kwaɓinsa.

Asalinsa

Akan ba da labarin cewa masu gasa burodi a birnin Vienna ne suka ƙirƙiro wannan siffa a shekarar 1683, domin shaguɓe ga tutar sojojin Daular Usmaniyya bayan da suka kasa cin birnin. Masana tarihin abinci dai ba su amince da wannan labari ba, domin kuwa an san wani burodi mai lanƙwasa da ake kira kipferl a ƙasar Ostiriya ɗaruruwan shekaru kafin yaƙin.

Baƙi daga Turai, waɗanda suka kwarara Ajantina a ƙarshen ƙarni na 19, su ne suka bunƙasa sana'ar burodi a birnin Buenos Aires. A shekarar 1887 ma'aikatan gidajen burodin suka kafa ƙungiyar ƙwadago, bisa taimakon wasu Italiyawa biyu masu adawa da kowace irin hukuma, wato Ettore Mattei da Errico Malatesta. An ce su ne suka raɗa wa kayan maƙulashen ƙasar, da ake kira facturas, sunayen ba'a irin su ɗan sanda da igwa da bam. Medialuna ɗaya ne daga cikin waɗannan facturas.

Iri biyu

Maiƙon da aka yi amfani da shi ne ke raba medialuna gida biyu. Akwai na bota, wanda ake kira de manteca, mai kauri da zaƙi. Akwai kuma na kitse, wato de grasa, wanda yake siriri ne mai ɗan gishiri da ƙaras-ƙaras.

A nan ne Musulmi ya kamata ya lura. Galibi kitsen shanu ake sawa, kasancewar Ajantina ƙasa ce ta makiyaya, amma wasu kan sa na alade. Haka kuma a shagunan kofi akan tsaga burodin a cusa masa cuku da naman alade. Wanda ya gasa nasa a gida da bota ya huta da wannan tambaya.

Yadda ake yi a gida

Ga rabin kilo na fulawa, ana buƙatar madara kimanin kofi ɗaya, ƙwai ɗaya, sukari giram 80, busasshen yis giram 10, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da zuma babban cokali ɗaya. A kwaɓa su har kwaɓin ya yi sumul, sannan a rufe shi a sa a firiji, in da hali ya kwana.

Wuyar aikin tana wajen botar. Ana daddanna giram 200 na bota mai sanyi har ta zama fale-fale, a ɗora ta a tsakiyar kwaɓin da aka shimfiɗa, a rufe ta ruf. Daga nan sai a murza shi ya yi tsawo, a ninka gida uku kamar takardar wasiƙa, a mayar firiji na tsawon rabin sa'a ko fiye. Sau uku ake maimaita wannan.

Dalili kuwa shi ne, kowane ninki yana ƙara yawan shimfiɗun bota tsakanin na kwaɓi. Idan aka sa a wuta, ruwan da ke cikin botar kan zama tururi, ya ɗaga waɗannan shimfiɗu su rabu da juna. Idan kuwa botar ta narke tun ana murzawa, sai ta shige cikin fulawar, a ƙare da burodi mai nauyi. Don haka a wuri mai zafi ya fi kyau a yi aikin da sassafe, kuma da zarar kwaɓin ya fara maiƙo a hannu, a mayar da shi firiji ba tare da jira ba.

Bayan ninki na ƙarshe ana murza kwaɓin ya yi kaurin rabin santimita, a yanka shi dogaye masu kusurwa uku, a naɗe daga faffaɗan gefen zuwa tsinin, a lanƙwasa bakunan biyu. Saɓanin Faransawa, mutanen Ajantina kan jera su a faranti suna taɓa juna, abin da ke sa gefensu ya yi laushi.

Idan suka tashi har suka ninka girmansu, sai a shafa musu ruwan ƙwai, a gasa na minti 15 zuwa 20 a zafin digiri 200 na ma'aunin Salshiyas. Tun suna da zafi ake shafa musu ruwan sukarin da aka tafasa, kofi ɗaya na sukari ga kofi ɗaya na ruwa, wanda shi ke ba su ƙyalli da ɗan danƙon da aka san su da shi.